Wai Wa Ya Taɓa Gwada Tukunyar Gidansu?



Jama'a, yau magana ce a bakina wadda na san ba za ta yi wa mutanen gidanmu daɗi ba. Mahaifina ɗan kasuwa ne a nan Mutum Biyu, hedikwatar ƙaramar hukumar Gassol, kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, kuma tukwane da kasake da ludaya yake sayarwa tun kafin a haife ni. Da kuɗin tukwanen nan aka ɗinka mini kayan makaranta, da su aka biya mini kuɗin jarrabawar gama sakandare. Saboda haka duk wanda zai ce hassada ce ko neman suna ya sa na yi wannan rubutu, to ya sani rumfar da nake jifa ita ce wadda nake zama a cikinta tun daga safe har la'asar.

Ga yadda abin ya faro. Muna da wani tsohon kaskon baƙin ƙarfe a gida, mai kunne biyu, mai nauyin da yaro ba ya iya ɗauka shi kaɗai. Kakata ta wajen uba ce ta zo da shi daga ƙasar Katsina lokacin da kakanmu ya biyo fatauci ya zauna a ƙasar Muri. Da Allah Ya yi mata rasuwa sai ya koma hannun Inna. A cikinsa ake toya ƙosan sadaka ranar Juma'a, yaran unguwa su yi layi da kwanukansu. Bara da rani na dawo gida da rana, Inna ta ce in je in karɓo kaskon wajen maƙwabcinmu, wani dattijo masunci da ke zuwa su a kogin Taraba wajen Tella. Na zagaya bayan gidansa, sai na tarar da shi a tsugune gaban murhu. Ya fasa tsohon batirin mota, ya zare farantan da ke ciki, ya zuba su cikin kaskonmu, suna narkewa suna ƙyalli kamar azurfa. Dalmar da ake ɗaura wa bakin birgi yake zubawa, wadda ke jan ragar ta nutse. Jikokinsa biyu na zaune kusa da shi suna kallo, ɗaya ma da rogo a hannunsa yana ci.

Na gaishe shi, na ce, "Baba, a kaskon ƙosai ake wannan aiki?"

Ya yi dariya ya ce, "Haba ɗana, ai ba yau na fara ba. Ko marigayiya takan ba ni aro. In na gama a goge da yashi da toka, shi ke nan ya koma sabo."

Ban ga laifinsa ba, har yau ma ban gani ba. Mutumin kirki ne, in ya samo kifi ba ya mance mu. Abin da bai sani ba ne, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa. Amma ni tun daga wannan rana ƙosai ya fita raina, na shiga bincike a wayata, ina karantawa da ɗan Turancin da na samo a makaranta, abin da ya gagare ni in tambayi wani abokina da ke karatun kimiyya. Abin da na fahimta shi zan faɗa, sa'annan in faɗi abin da ke ci mini rai.

Shi baƙin ƙarfe na zubi ba shi da laifi. Kafin ya narke sai wuta ta haura digiri 1,100, alhali dalma tun a digiri 327 ta zama ruwa, kuma su biyun ba sa gauraya, kamar ruwa da mai suke. Don haka ba da dalma ake haɗa irin kaskon kakata ba. Alheri ma ke gare shi: a 1999 an buga wani bincike da aka yi a ƙasar Habasha, inda aka ga yaran da ake dafa wa abinci a tukunyar baƙin ƙarfe sun fi samun sauƙin ƙarancin jini a kan waɗanda ake dafa wa a ta alminiyo. Matsalar tsohon kasko ɗaya ce, wato abin da wani ya taɓa narkarwa a cikinsa. Ashe ba mu kaɗai ba ne. A Amurka akwai masu sha'awar sayen tsofaffin kasaken ƙarfe a kasuwar gwanjo, kuma tsoronsu shi ne namu, domin su ma kakanninsu sun narka dalma a ciki sun yi harsashi da nauyin fatsa. Bambancinmu da su shi ne, su suna tambaya, suna gwadawa, in sun yi shakka su rataye shi a bango ya zama ado. Dalmar da ta shiga ƙofofin ƙarfe ta laƙe cikin baƙin maiƙon da ya daskare shekara da shekaru, yashi da toka ba sa ba ka tabbacin ta fita. Kaskon da aka san an narka dalma a ciki ya gama aikin abinci har abada.

Da na gaya wa Inna haka, ta dube ni ta ce, "Kai da aka raine ka da ƙosan kaskon nan, me ya same ka?"

To wannan amsa ita ce na zo in yi faɗa da ita, ba don Inna ce ta faɗa ba, sai don duk inda na ta da maganar ita ake ba ni. A majalisa ita ce, a rumfa ita ce, a tashar mota ita ce: kakanninmu sun ci a ciki, ba su mutu ba. Wai shin wa ya ce maka aikin dalma kisa ne kawai? Gubar dalma ba irin ta maciji ba ce da za ta kayar da kai nan take. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗanon da za ka ji a miya. Shiga take yi kaɗan-kaɗan, ta bi jini, ta kwanta a ƙashi da haƙori ta yi shekaru. In mace ta sami ciki, wadda ta kwanta a ƙashinta takan taso ta bi jini ta isa ga ɗan da ke cikin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma ta ce ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke tsotsewa in sun ci abu ɗaya. Yaron da ba ya samun abinci mai gina jiki kuwa ya fi kowa tsotsa. Abin da take taɓawa a yaro ƙwaƙwalwa ce, kuma in ta taɓa ba ta gyaruwa. A babba kuma hawan jini da ciwon ƙoda.

Yanzu mai karatu, ka tuna ajinku na firamare. Ka tuna yaron nan da aka yi ta duka a kan karatu bai iya ba, har aka sa masa suna daƙiƙi. Ka tuna dattijan unguwarku nawa hawan jini ya kwantar. Ba ina cewa duk dalma ce ba, Allah Ya kiyaye ni da faɗin abin da ban gani ba. Cewa nake yi, wanda bai taɓa auna jinin ɗansa ba, ba shi da bakin cewa babu abin da ya same shi. "Ba mu mutu ba" ba sakamakon gwaji ba ne.

Kuma mu ’yan Arewa mu ne na ƙarshen waɗanda ya kamata su yi wasa da wannan kalma. Ina firamare a 2010 lokacin da gidajen rediyo suka cika da labarin Zamfara. Likitocin ƙungiyar MSF, waɗanda ake kira na gari na kowa, su ne suka lura yara na mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da ’Yargalma, daga baya aka gano Bagega ma tana ciki. Yara aƙalla 400 suka rasu. Dutsen zinariya ne mai ɗauke da dalma ake kawowa cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan gari, ƙurar ta cika tsakar gida inda yara ke rarrafe. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. Na san abin da ke fita daga tukunya bai kai wannan yawa ba, kada wani ya ce na haɗa su. Amma kuskuren iri ɗaya ne: kayan aiki da kayan abinci sun zama abu guda. Turmin dakan gero ya zama na dakan dutse a can, kaskon ƙosai ya zama na narka batir a nan.

Sai dai kasko guda ne a gida guda. Abin da ya fi tayar mini da hankali yana rumfarmu, jere reras, daga mai cin gwangwani biyu har mai dafa rabin buhu ta gidan biki. Ina nufin farar tukunyar zubi, wadda mu da kanmu muke kira tukunyar dalma. Ka ji wani ikon Allah, suna ɗaya muka ba ƙarafa biyu. Ita tukunyar ta alminiyo ce, wato sanholo, mara nauyi. Dalmar batir kuwa ita ce mai nauyi mai taushi, mai gubar. Da na fara magana a kasuwa sai wani ya ce, "To in dalma guba ce ai duk garin nan mun mutu, tunda kowa a tukunyar dalma yake girki." Ya faɗa ne don a yi dariya, bai san ya kusa da gaskiya ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu zubin tukwane ya san ba daga kamfani ake kawo musu ƙarfe ba. Daga ’yan gwangwan da ’yan jari bola suke saye a kilo: gwangwanin lemo, fistin da murfin inji, lagireto, tsohuwar waya, firam ɗin taga, kayan cikin rediyo da kwamfuta. A zuba a narke a digiri 660, a kwashe dattin sama, a juye cikin ƙasar zubi. A cikin tarkacen nan akwai masu liƙin dalma, akwai masu fenti, akwai waɗanda tun a masana'anta aka sa musu dalma don su yi daɗin yanka. Ba ta ƙonewa ta ɓace, zama take yi ɗigo-ɗigo a jikin tukunyar tana jiran miya.

Wannan ba zato ba ne. A 2014 wasu masana suka buga binciken da suka yi a kan tukwane da kayan girki 29 na zubi da aka ƙera a Kamaru, ƙasar da jiharmu ta Taraba ke iyaka da ita. Sun tafasa ruwa mai ɗan tsami a ciki, suka auna abin da ya fito. A mafi muninsu, sun ƙiyasta mutum na iya cin maikrogiram 260 na dalma a zama ɗaya. Maikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, sai ka ji kamar ba komai ba ne, to amma hukumar abinci da magunguna ta Amurka tun 2022 ta sa iyakar da take aiki da ita ga ƙaramin yaro a maikrogiram 2.2 a yini. Ka raba da kanka, ya haura ninki ɗari. A 2017 suka faɗaɗa binciken zuwa tukwane 42 daga ƙasashe goma. Wata tukunya daga Biyetnam ta fitar da 33 a tafasar farko, 1,126 a ta biyu, 1,426 a ta uku. Na kawo wannan ne saboda masu cewa ai in ka tafasa sabuwar tukunya ka zubar da ruwan farko shi ke nan ta wanku. A wannan tukunyar dai ƙaruwa abin ya yi ta yi. Sa'annan a 2023 ƙungiyar Pure Earth ta fitar da sakamakon gwajin kaya sama da 5,000 da ta saya a kasuwannin ƙasashe 25, har da Nijeriya, kuma fiye da rabin kayan abinci na ƙarfe sun wuce ma'aunin da ta sa. Mutanen wannan yanki sun san karin maganar nan, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ƙarfen da maƙerin Kamaru ke narkawa shi namu ke narkawa, ƙasar zubin ma iri ɗaya ce.

Ga shi kuma girkinmu kamar da gangan aka tsara shi don ya tatso ta. Tsami shi ke narkar da dalma, mu kuwa kunun tsamiya, miyar yakuwa, zoɓo, tumatirin gwangwani, duk a ciki muke dafawa. Kanwa kuma cin alminiyo take yi, kowace mace ta san yadda take baƙanta tukunya. In an gama a bar sauran miya ta kwana a ciki, da safe a ɗumama wa yara. Sai a kawo yashi da soson ƙarfe a kankare har ta yi ƙyalli, wai tsafta, alhali sabon jikin ƙarfe aka buɗe wa miyar gobe. Su kakannin da ake kafa mini hujja da su, a tukunyar ƙasa suka dafa miyarsu, ba a narkakken fistin tifa ba.

Akwai kuma wasu mutanen da su ma ba zan ƙyale su ba, wato ’yan uwanmu masu ɗan hali da ke cewa maganinta a bar kayan gargajiya a sayi na kanti. Su ma ba su gwada ba, kwali kawai suka gani ya burge su. A jihar Washington ta Amurka an sami yaran ’yan gudun hijirar Afganistan da dalma mai yawa a jini, da aka bi sawu sai aka tarar tukwanen alminiyo da suka zo da su na cikin dalilan, har jihar ta yi doka a 2024 a kan dalma a kayan girki. A 2025 hukumar abincin Amurka ta yi gargaɗi a kan wasu tukwanen alminiyo da na tagulla da ake shigar musu da su daga waje. Wato kasancewar kaya ya fito daga kamfani ko ya hau jirgi ba shi ne shaidar tsarkinsa ba. Kuma matar da ke sayar da shinkafa da wake a tasha, da me za ta sayi babbar tukunyar da ba ta tsatsa? Tukunyar zubi ta yi kasuwa ne don tana da araha, tana jure itace, in ta huje a like. Maƙeran nan ba maƙiyanmu ba ne, su ne ma suka fi kowa shaƙar hayaƙin, su da yaran da ke musu zuga.

Abin da nake nema ɗaya ne, a gwada. Mu ’yan kasuwa ne, babu abin da ba ma gwadawa. Mai sayen masara sai ya soka buhu ya tauna ƙwaya. Mai sayen doya sai ya juya ta ya duba gindi. Mai sayen sa sai ya buɗe baki ya ƙirga haƙora. Mahaifina kansa in za a ba shi tukunya sai ya ƙwanƙwasa ya ji ƙararta, ya ɗaga ta a rana ya ga ko da huji. Duk wannan don kada a cuce mu a kuɗi. Amma abin da zai shiga cikin ’ya'yanmu sau uku a yini, shi ne muka bar wa ƙaddara. Mun yarda da ƙaddara, amma ban taɓa ganin wanda ya sayi sa a cikin buhu ya ce ya dogara ga Allah ba.

Yaya ake gwajin? Akwai wasu ’yan tsinkaye masu auduga da ake sayarwa a intanet, a goga a jikin abu, in ya koma ja ko ruwan hoda to akwai dalma. Na so in sayo, sai na karanta cewa don fentin bango aka yi su, kuma a kan ƙarfe sukan yi ƙarya ta kowane ɓangare. In ya nuna ja, ka sami dalilin jingine kasko. In bai nuna ba, bai wanke shi ba. Gwajin da ake dogara da shi iri biyu ne. Akwai wata na'ura ta hannu da ake kira XRF, a ɗora ta a jikin ƙarfe, cikin ɗan lokaci ta faɗi abin da ke ciki. Da irinta aka auna ƙasar ƙauyukan Zamfara lokacin da ake kwashe gurɓatacciyar ƙasa. Sai kuma wanda ya fi, wato a tafasa ruwan tsami a tukunyar a kai ɗakin gwaji, domin binciken Kamaru ya nuna tukunyar da na'ura ta ce dalmarta ba ta da yawa tana iya zubar da mai yawa a cikin miya. Ga yaro kuwa, jini ake ɗiba a auna.

Babu ɗaya cikin waɗannan da talaka zai yi a gidansa, kuma nan ne nake kira ga waɗanda abin ya rataya a wuyansu. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kayan da ake ƙerawa, NAFDAC ke kula da abinci da magani, NESREA ke kula da muhalli. Muna da Jami'ar Jihar Taraba a Jalingo, muna da Jami'ar Tarayya a Wukari, mu muna tsakaninsu a kan titi ɗaya. Ɗalibi guda mai neman abin da zai rubuta a shekarar ƙarshe zai iya zuwa ranar kasuwa ya sayi tukwane ashirin daga rumfuna daban-daban, ya gwada, ya dawo ya gaya mana da Hausa, ba ya kulle sakamakon a kabad ba. Ni na yi alkawarin biyar daga rumfarmu kyauta, ko da daga kuɗina za a cire.

Kafin su zo kuwa, akwai abin da ke hannunmu. Shugabannin maƙera da na ’yan kasuwa za su iya zama su yarda cewa ƙarfen tukunya daban, ƙarfen murhu da na turmin inji daban, kuma duk abin da ya fito daga batir ko yake da liƙi a jikinsa kada ya kusanci ƙasar zubin tukunya. Mu masu saro kaya mu ne ke da bakin faɗin haka, tunda mu ke biya. Mata kuma su daina barin abinci mai tsami ya kwana a farar tukunya, kunun yaro a dama shi a wani abin in da hali. Masunta da maharba su ware kwanon narka dalmarsu, su yi aikin nesa da yara da madafa, su wanke hannu kafin su ci abinci.

Da na kai wa Baba wannan magana da daddare, ya daɗe bai ce komai ba. Can sai ya ce, "Yanzu so kake in rufe rumfa mu ci me?"

Na ce, "A'a Baba, ba rufewa ba. Ku dai tambaye su abin da suke narkawa."

Ya ce shekara talatin yana saro tukwane bai taɓa jin wanda ya yi wannan tambaya ba, kuma in ya yi za a ce ya fara ruɗewa. Har yanzu bai ce ya yarda ba. Amma shekaranjiya na ji shi da kunnena yana gaya wa wata mata da ta zo haɗa wa ’yarta kayan ɗaki cewa kada a riƙa barin miyar yakuwa ta kwana a ciki. Da ya ga ina kallonsa sai ya ce in tashi in kwance kayan da aka sauke.

Kaskon kakata kuwa, sai da muka yi sati Inna ba ta amsa gaisuwata da kyau. Daga ƙarshe na tara kuɗi na sayo mata sabo na baƙin ƙarfe a Jalingo, tana ta mita wai ƙosai na kamawa a cikinsa. Tsohon na kai wa maƙwabcinmu na ce ya riƙe ya zama nasa, da sharaɗin kada ya sake shiga madafar kowa, kuma in zai hura wuta ya kori jikokin nan daga wurin. Na shafa wa kunnuwansa jan fenti don kada wata rana a mance. Ya karɓa yana ta godiya, amma na ga alama har yanzu yana ganin yaron nan boko ne ya taɓa shi.

Wata mai zuwa Baba zai je saro kaya wajen masu zubi, kuma ya ce in ina so in bi shi in riƙe masa jaka. Zan tsaya a bakin tulin tarkacen da suke narkawa in duba da idona.